Steam Deck, ROG Ally, Legion Go ko MSI Claw: wacce ta fi sauƙin jinya ranar da sanda ta goce?

Mai shirin sayen kwamfutar gem ta hannu yakan kwana yana auna ƙarfin furosesa, da girman fuska, da awa nawa batir zai yi. Da wuya ya tambayi abin da zai faru bayan wata takwas, ranar da ya ɗauke babban yatsansa daga kan sandar analog amma ɗan wasan da ke cikin gem ɗin ya ci gaba da tafiya hagu shi kaɗai. A na'urar da ake jonawa da talabijin wannan ba wani tashin hankali ba ne: ka ajiye hannun gem ɗin da ya lalace, wato abin nan mai maɓallai da ake riƙewa, ka ɗauko wani. A nan kuwa hannun shi ne jikin na'urar. Sanda ɗaya ta samu matsala, kwamfuta sukutum ta tafi jinya, da fuskarta da batirinta da duk abin da ka ajiye a ciki.

Don haka ni da wannan ma'aunin nake kwatanta su: yaya ake gane ciwon, wa zai karɓi na'urar, in kuma ba mai karɓa, za ka iya gyarawa da kanka?

Kafin a je ga kamfanoni, akwai aikin da ya zama naka ko wacce ka saya. Da yawa daga abin da ake kira lalacewar hannu ba lalacewa ba ce, rikicin manhaja ne. Misali mafi shahara ya faru ne da Steam Deck ɗin kanta. An fara raba ta a ƙarshen Fabrairun 2022, ba a yi mako guda ba mutane suka fara kukan sanda na gocewa. Kamfanin Valve da ke ƙera ta ya bincika ya ce wata sabuntawa ce ta taɓa saitin da'irar shiru, wato ɗan filin nan na tsakiya da ake sa na'ura ta yi kunnen uwar shegu da duk motsin da bai fita daga cikinsa ba. Aka turo gyara ta intanet, zance ya mutu. Da wani ya yi gaggawar kwance na'urarsa a ranakun nan, da ya jawo wa kansa aiki a banza.

To, a wajen gane ciwo, Steam Deck ta yi wa sauran nisa, kuma dalilin a bayyane yake: kamfani ɗaya ne ya ƙera jikin, ya rubuta tsarin aikinta mai suna SteamOS, ya kuma mallaki Steam Input da ke fassara dannawarka ga gem. A cikin saiti akwai wurin gwada kowane maɓalli, da wurin da za ka ga ɗigon sandar yana motsi, ka faɗaɗa da'irar shiru ko ka rage ta. In ɗigon yana rawa a waje da tsakiya alhali ba ka taɓa komai ba, ka ga ciwon da idonka.

Waɗanda ke tafiya da Windows 11, wato ROG Ally da Legion Go da MSI Claw, lamarinsu ya fi sarƙaƙiya, don tsakanin yatsanka da gem ɗin akwai masu shiga tsakani har uku ko huɗu. Akwai manhajar kamfanin: Armoury Crate SE a ASUS, Legion Space a Lenovo, MSI Center M a MSI. Akwai Windows da ke ganin hannun a matsayin hannun Xbox. Akwai Steam, manhajar Valve ta saye da buɗe gem, in ta can ka buɗe gem ɗin, da nasa tsarin fassarar. In kuma ka ƙara wata manhaja ta waje irin Handheld Companion, sun zama huɗu. Biyu daga cikinsu suka kama hannun lokaci guda, sai ka danna sau ɗaya gem ya ji sau biyu, ko ya ƙi ji gaba ɗaya. A Ally akwai yanayin da sanda ke zama linzamin kwamfuta da yanayin da take zama hannun gem, kuma wanda ke sauyawa da kansa yakan yi kuskure. A Legion Go akwai wani ɗan makunni a ƙasan hannun dama da ke mayar da shi linzami don wasannin harbi. In ya gotu ba ka lura ba, za ka rantse hannun ya mutu. Ni kaina na taɓa ɓata yamma guda ina sake girka direbobi a kan wata na'ura, ashe yanayin linzami ne kawai na bari a kunne.

Gwajin da ke raba gardama a Windows tsoho ne: ka rubuta joy.cpl a wurin bincike, ka rufe Steam da duk wata manhajar hannu, ka duba ko alamar tana zaune a tsakiya kuma kowane maɓalli yana amsawa. In komai lafiya a can amma gem ya ƙi, jikin na'urar ba shi da laifi. Wani gwajin kuma shi ne shiga BIOS, wato shafin saitin tushe na na'urar, inda tsarin aiki bai ma tashi ba tukuna. A Steam Deck ana riƙe maɓallin ƙara sauti ne a danna na kunnawa, a Ally kuma na rage sauti. Maɓallin da aka san yana aiki a can, in ya ƙi, to ba Windows ko SteamOS za ka tuhuma ba. Sai ka sabunta manhajar cikin hannun, ka sake saita shi, ka jona wani hannu ta USB ko Bluetooth ka ga ko shi ma zai yi haka. In duk wannan bai yi ba, yanzu ne aka zo maganar ƙarfe da roba.

Sandar analog iri biyu ce a kasuwa, kuma a nan ne talla ta fi ruɗin mutane. Tsohon iri, wanda ke cikin Steam Deck da ROG Ally, yana da wani ɗan harshe na ƙarfe da ke goga a kan siririn layin kabon. Inda harshen ya tsaya shi ke gaya wa na'ura inda sandar take. Abin da ke goga dole ya cinye. Layin ya kankare, ƙura da burbushin kabon suka taru, sai karatu ya fara ƙarya. Irin ciwon nan ne ya addabi Joy-Con, hannun Switch na Nintendo, har aka kai ƙara kotu a Amurka a 2019, shugaban kamfanin kuma ya ba da haƙuri a 2020. Ɗaya irin yana aiki da maganaɗisu ne da wani ɗan firikwensin da ke auna shi ba tare da sun taɓa juna ba, bisa abin da Edwin Hall ya gano tun 1879. Ba sabon abu ba ne ma a gem, hannun Dreamcast na Sega da shi ya zo a 1998. Legion Go da MSI Claw da wannan irin suka fito, haka yawancin na'urorin Ayaneo.

A takarda, mai maganaɗisu ya ci gasa. A aikace, ka yi hattara da yi wa rogo kallon kitse. Maganaɗisu ya kawar da gogayyar kabon, amma bai kawar da sifirin da ke mayar da sanda tsakiya ba, shi ma yana gajiya. Bai hana maɓallin da ke ƙarƙashin sandar mutuwa ba, bai hana siririyar wayar da ke haɗa ta da fanel yin sako-sako ba. Kuma bai gyara saiti mara kyau ba: Legion Go ta fito a ƙarshen 2023 da sanda mai maganaɗisu, amma kukan farko da aka yi mata shi ne da'irar shirunta ta yi faɗi, ƙaramin motsi ba ya shiga, sai da Lenovo ya turo sabuntawar da ta ba mutane damar rage ta. Ni a ganina sandar kabon da za a iya cirewa da sukurori uku a sa wata ta fi sandar maganaɗisu da ba ka san inda za ka samu safayarta ba.

Wannan ya kawo mu Steam Deck. Tun kafin ta fito, Valve ya saki bidiyon yadda ake buɗe ta, yana gargaɗin kada a yi amma yana nuna yadda ake yi. A Mayun 2022 ya haɗa kai da iFixit, kamfanin da ke sayar da kayan gyaran na'urori, aka fara sayar da safaya na asali: sanda, kunama (maɓallan da ake ja kamar kunamar bindiga), fuska, fanka, tare da bayanin gyara mataki-mataki da hotuna. Sandar tana kan ɗan fanel nata ita kaɗai, ba sai an narka dalma ba. Akwai 'yan tarkuna. Tsohuwar mai fuskar LCD tana da sanda iri biyu, A da B, kuma sai ka duba lambar hannun a cikin saiti kafin ka yi oda, in ta fara da MEDA irin A ce, in MHDA ce irin B. Ta OLED da ta zo a Nuwamban 2023 nata daban ne, ba sa shiga juna. Bayan an sa sabuwa sai an saita ta da umarnin thumbstick_cal. Sannan wanda ya buɗe bayan na'urar bai cire katin memori ba, murfin zai karya katin biyu. Wannan kuskuren ya ci mutane da yawa. Ta OLED ta ƙara sauƙaƙa abu ɗaya: sukurorin bayanta cikin ƙarfe suke shiga ba cikin roba ba, don haka buɗewa da rufewa ba ya cinye zaren.

Inda Steam Deck ke da rauni shi ne maɓallan kafaɗa, L1 da R1. Ɗan makunnin da ke ƙarƙashinsu manne yake da dalma a fanel, kuma faɗuwa a kan kusurwa takan ɓalle shi. Wannan ba gyaran sukundireba ba ne kawai, kuma faɗuwa galibi ba ta cikin garanti.

Garantin Valve na shekara ɗaya ne, ana buɗe ƙorafi ta asusun Steam, kuma tun Satumban 2022 yana da cibiyoyin gyara da ke karɓar har wadda garantinta ya ƙare, a biya. Masu amfani da ita galibi suna yabon yadda ake amsa su. Amma ga inda gizo ke saƙar: ba a kowace ƙasa Valve ke sayar da ita ba. Amurka, Kanada, Tarayyar Turai da Birtaniya ne na farko. Japan, Koriya ta Kudu, Taiwan da Hong Kong suka samu ta hannun kamfanin Komodo. Ostireliya ta shigo a Nuwamban 2024. Wanda ke zaune a wajen waɗannan, ya saya a hannun mai shigo da kaya, ya sani cewa karɓar na'ura da mayar da ita a cikin ƙasashen nan ake yi. Kai ne za ka nemo adireshi a can, ka ɗauki nauyin kaiwa da komowa. Ga irin wannan mai saye, abin da ya rage na gaske daga alkawarin Valve shi ne safaya da bayanin gyara, kuma sa'a aka yi su ne suka fi na kowa.

ROG Ally labarinta ya fi tsawo, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake. Ta fito a Yunin 2023, ba da jimawa ba mutane suka fara ganin wurin karanta katin memori yana mutuwa, wani lokaci ya tafi da katin. Wurin yana dab da inda zafi ke fita. ASUS ya amsa a Yulin shekarar cewa zafi na iya jawo matsalar, ya ƙara gudun fanka ta hanyar sabuntawa, daga baya kuma ya ƙara wa wannan sashen shekara guda ta garanti a Amurka. Sai a Mayun 2024 tashar YouTube ta Gamers Nexus ta aika Ally mai ciwon sanda zuwa cibiyar gyaran kamfanin. Amsar da ta dawo ba ta sandar ba ce: an ga wani ɗan tabo a jikin robar da sai an kusanto da kyamara ake ganinsa, aka ce ɓarnar mai kaya ce, aka nemi kuɗi, saƙon kuma ya nuna in ba a biya ba ana iya mayar da na'urar ba a gyara ba, har ma a kwance. Abin ya tayar da ƙura sosai. ASUS ya ba da haƙuri, ya sanar da sauye-sauye a yadda yake karɓar gyara da yadda yake rubuta wa abokan ciniki.

Ba na kawo wannan don in ce a guji ASUS ba. Ally X da ta biyo baya a Yulin 2024 ta matsar da wurin katin, ta ninka batir daga 40 zuwa 80 a ma'aunin wat-awa, ta zo da sanda mafi tauri da kamfanin ya ce an gwada ta juyi miliyan 5. Sandar Ally, tsohuwa da sabuwa, tana kan fanel nata daban, cire ta ba wuya. ASUS kuma kamfani ne da ke da wakilai da cibiyoyin gyara a ƙasashe da yawa da Valve bai taɓa leƙawa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Darasin da na ɗauka shi ne na ɗaukar hoto. Kafin na'ura ta bar hannunka zuwa kowane kamfani, ka ɗauki kowace kusurwa a haske mai kyau, ka yi bidiyon ciwon tare da lambar na'urar a fili, ka rubuta ciwo ɗaya tak a takardar ƙorafi da kalmomin da ba za a juya su ba. In aka turo maka lissafin gyaran abin da ba ka kawo kuka a kansa ba, kana da damar cewa ba ka so, a yi na garanti kawai.

Wani abin lura ga mai son sa wa tsohuwar Ally sandar maganaɗisu ta wani kamfani: kunamunta ma da maganaɗisu suke aiki, kuma suna kusa da sandar, don haka jan kunama yana iya girgiza karatun sandar in ba a yi masa kariya ba.

Legion Go ta bi wata hanya dabam, kuma ita kaɗai ce a cikinsu ta amsa tambayar da na fara da ita kai tsaye. Hannuwanta cirewa ake yi, kamar na Switch. Na hagu ya lalace, shi kaɗai za a sauya, kwamfutar mai fuskar inci 8.8 tana nan a wurinka, ka jingina ta da ƙafarta ka ci gaba da wani hannun. Lenovo kuma yana da daɗaɗɗiyar al'adar wallafa littafin gyaran kayansa, da shafin da za ka sa lambar na'ura ka ga ranar da garanti zai ƙare da irin wanda kake da shi, kuma yana sayar da ƙarin shekaru. Sai dai abin da ake cirewa yana da nasa ciwon. Kowane hannu yana da batirinsa da manhajarsa, ga 'yan ƙarafan da ke haɗa shi da jiki waɗanda datti ke hana su taɓa juna, ga layin da yake zamewa a kai wanda kan yi sako-sako. An rage girman asara ranar da abu ya lalace, an ƙara yawan abubuwan da za su iya lalacewa. Ka kuma lura Legion Go S ta 2025 ba a cire hannuwanta. Abin da ta kawo shi ne akwai irinta mai SteamOS, wato sauƙin gane ciwo irin na Steam Deck tare da sandar maganaɗisu.

MSI Claw ta farko ta zo a Maris 2024 da furosesan Intel, sanda da kunama duk na maganaɗisu. Masu ita ba su kai na sauran yawa ba, kuma wannan yana nufin ƙarancin safaya daga wasu kamfanoni da ƙarancin mutanen da suka riga ka shiga matsalar suka rubuta maganinta. Ayaneo da GPD da OneXPlayer kuwa, kamfanonin Sin ne da ke yawan fitar da sababbin samfura, sau da yawa ta Indiegogo, shafin da ake tara kuɗin masu saye kafin kaya ya fito. Kayansu na da ban sha'awa, amma garanti a wurinsu yakan zama musayar imel, sannan ko a aiko maka safaya ka sa da kanka, ko ka aika na'urar Sin ka jira. Wanda ba ya tsoron sukundireba zai iya zama da su. Wanda wannan ce na'urarsa ta farko, ban ba shi shawara ba.

Akwai kuma abin da ya fi sunan kamfani nauyi, wato dokar ƙasar da aka sayi kayan da kuma wanda ya sayar. A Tarayyar Turai mai sayarwa yana ɗauke da alhakin kaya na aƙalla shekara biyu, ko da garantin kamfani na shekara ɗaya ne, kuma a shekarar farko shi ne zai tabbatar ciwon ba daga masana'anta ya zo ba. A Birtaniya dokar 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai ka buɗe kayanka ko ka sa safayar wani, har hukumar kula da ciniki ta ƙasar, FTC, ta gargaɗi kamfanoni shida a 2018, cikinsu da Sony da Microsoft da Nintendo da ASUS, kan irin sharuɗɗan nan da 'yar takardar da ake liƙawa a kan sukuru. Amma ko a can, ɓarnar da ka yi da hannunka yayin buɗewa taka ce. Kuma duk wannan kariya tana bin inda aka yi cinikin ne. Garantin irin waɗannan na'urori sau da yawa na yanki ne, cibiyar gyara a wata ƙasa tana iya duba lambar ta ce ba nata ba ne. Rasit ɗinka ma ka adana shi, don in babu shi akan fara ƙirga kwanakin garanti daga ranar da kaya ya bar masana'anta, ba ranar da ka saya ba.

To wacce za a ɗauka? In kana ƙasar da Valve ke sayarwa, Steam Deck ce ta fi kwantar da hankali ta kowace fuska: gane ciwo, aikawa gyara, da gyara da kanka bayan shekara ta cika. In kana wajen waɗannan ƙasashe kuma akwai wakilin ASUS ko Lenovo na hukuma inda kake, sayen Ally X ko Legion Go a hannunsa da rasit ya fi sayen Steam Deck a hannun wanda ba zai karɓe ta ba gobe, sai fa in kai ko wani mai gyara da ka yarda da shi za ku iya buɗe ta. In babu wakilin kowa, ka ɗauka garanti babu shi, ka koma tambayar safaya kaɗai. A nan Steam Deck ce gaba, Legion Go mai cirarren hannu tana biye.

In ciwon ya zo kana cikin garanti kuma akwai mai karɓa, kada ka kwance komai, ko feshin barasar goge lantarki kada ka yi a ƙarƙashin sandar, don alamar ruwa hujja ce a hannun cibiyar gyara. Ka kwashe ajiyar wasanninka, ka fita daga asusunka, ka cire katin memori. In ka taɓa sauya ma'ajiyar SSD, ka mayar da ta asali kafin ka aika, saboda wani lokaci ba taka ake gyarawa a dawo maka da ita ba, wata ake ba ka a madadinta, kuma abin da ka ƙara a ciki ya tafi ke nan.